Ƙibar Jego: A Bar Ta Ko A Yaƙe Ta?

Saura kwana biyu ƙanwata ta yi arba'in na je gida Zariya, na tarar da ita a ɗakin Inna ta zazzage akwatinta a kan gado. Wata atamfa ce ɗinkin kafin ciki take fama da ita. Rigar ta tsaya a ƙirji ta ƙi sauka, siket kuwa ko cinya bai wuce ba. Goggonmu, wadda ke yi mata wanka tun ranar da ta haihu, tana zaune a bakin ƙofa tana yi wa jaririn fifita, fuskar nan cike da murna.

"Alhamdu lillahi, jego ya karɓe ki, 'yar nan," in ji ta. "Haka ake so mace ta koma ɗakinta, kowa ya gani ya san ba a gidan yunwa ta yi wanka ba."

"Goggo, kilo 11 fa na ƙara a kan nauyina na da. Ranar da muka je rigakafi, matakalar asibiti sai da na huta sau biyu kafin na ƙarasa."

"Kilo kuma? Ke buhun masara ce da za a ɗora ki a sikeli? Ɗauki kununki ki sha kafin ya huce."

Ƙanwata ta juya baya tana share hawaye, ni kuwa na rasa wadda zan mara wa baya, domin haihuwata uku, kuma kowane ɓangare na taɓa tsayawa a kansa. Ana wannan taƙaddama a gidaje barkatai, daga Kano har Maraɗi, yawanci kuma ta ƙare da raha ko da fushi, ba a zauna an auna abin da kowace ke riƙe da shi ba.

Bari in fara da Goggo, don ita ce babba, kuma hujjarta ta fi nauyin da 'yan boko ke ba ta. A duniyar da ta tashi, abin da ake wa mai jego tsoro shi ne rama da ƙarancin jini da zazzaɓi. Mace ta sha wahalar goyon ciki wata tara, ta zubar da jini wurin haihuwa, sannan ga jinjiri zai rataya a ƙirjinta har wajen shekara biyu. Dole a yi mata tanadi. Daga nan aka samo ƙauri, da farfesun kaza, da yajin jego, da kunu safe da yamma, da tuwo mai man shanu, aka kuma hana ta taɓa tsintsiya ko taɓarya. Duk wanda ya san gidan Bahaushe ya san akwai matan da waɗannan kwanaki 40 su ne kaɗai hutunsu, lokacin da ake dafawa a miƙo musu maimakon su dafa su miƙa. Saboda haka ƙibar jego shaida ce: dangi sun yi hidima, miji ya yi cefane, hankalin yarinya a kwance yake. Idan kuwa ta fito arba'in a rame, sai a shiga raɗe-raɗi, ko ciwo ne, ko mijin marowaci ne, ko wani baƙin ciki ke cin ta.

Wannan duniya ba ta wuce ba. Babban binciken lafiyar al'umma da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, kashi 12 kuma nauyinsu bai kai yadda ya kamata ba. A ƙauyuka da yawa na arewa, yi wa mai jego maganar rage ƙiba tamkar yi wa mai ƙishirwa gargaɗi ne kan ambaliya.

Ilimin likita ma yana bayan Goggo har wani wuri mai nisa. Ƙa'idar da likitocin Amurka suka fitar a 2009, wadda ƙasashe da yawa ke aiki da ita, ta ce mace mai matsakaicin jiki ana so ta ƙara kilo 11.5 zuwa 16 a lokacin goyon ciki. Jariri da mabiyiya da ruwan da yake kwance a ciki su ke tafiya ranar haihuwa, kilo 5 ko 6 ke nan. Sauran jini ne da ya ƙaru, da ruwa, da nono, da mahaifa, da kitsen da jiki ya ajiye da gangan a cinya da ƙugu don ranar shayarwa. Shayar da jariri nono zalla yana cin wajen kalori 500 a kullum, kusan cin abinci guda ke nan. Ita kanta mahaifa tana kai kilo guda a ranar haihuwa, sai ta yi ta tsukewa har ta koma ƙasa da giram 100 cikin mako shida. Mako shida kwana 42 ne. Iyayenmu ba su da na'urar hoton ciki, amma lissafinsu na arba'in ya faɗa kusan daidai.

Akwai kuma abubuwan da ko azumin wata nawa mace ta yi ba za su koma ba. Nankarwa takan dushe amma ba ta gogewa. Ƙugu yakan buɗe. Nono yakan sauya tsayuwa. Naman gaban ciki, wanda ya rabu biyu don ya ba jariri wuri, yana ɗaukar lokaci kafin ya haɗe: wani bincike da aka yi a ƙasar Norwe a 2016 ya gano wannan rabuwa a jikin kashi 60 cikin 100 na mata a mako na shida, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku suna da ita har bayan shekara. Mace ta ga cikinta a gaba, ta ɗauka teɓa ce, ta hana kanta abinci, alhali abin da ke wurin nama ne da ya saki, wanda motsa jiki na musamman da haƙuri ke gyarawa. Na san wannan kuskure domin na yi shi a haihuwata ta farko, na yi wata biyu ina tsallake abincin dare, abin da na samu kawai jiri ne da saurin fushi.

Amma hujjar da ta fi taɓa zuciyata a wannan ɓangare ita ce tambayar nan: me ya sa take son ramewa cikin gaggawa, kuma don wa? Sau da yawa amsar tsoro ce. Akwai mazan da ke iya kallon matar da ta haifa musu ɗa wata biyu da suka wuce su ce ta zama kamar uwa, ko su fara wasan ƙaro aure a gabanta. Ga waya a hannu, ta buɗe Instagram ta ga wata ta fito bikin suna ciki a ɗame kamar ba ta haihu ba, ba ta san me aka ɗaure a ƙarƙashin leshin ba, ba ta san me aka gyara a hoton ba. Inda tsoro ya samu wuri kuwa kasuwa na biye da shi. Ana tallar shayin rage tumbi da garin narkar da kitse a kowane zauren mata. Da yawansu filasko ne ko danginsa, gudawa kawai suke sawa, sikeli ya sauka don ruwan jiki ya zube, kitsen yana nan inda yake. An sha kama irin waɗannan kaya a ƙasashe daban-daban da wani sinadari mai suna sibutramin a ɓoye, wanda Turai da Amurka suka janye daga kasuwa tun 2010 saboda haɗarinsa ga zuciya. Mai shayarwa ta sha wannan, mai yiwuwa ba ita kaɗai ta sha ba. Idan kuma aka haɗa da cewa wajen mace ɗaya cikin kowace goma, ko fiye, takan faɗa ciwon damuwa bayan haihuwa, to ɗora mata ƙin jikinta a daidai wannan lokaci zalunci ne. A nan ba ni da ja da Goggo ko kaɗan.

Sai dai ƙanwata ba madubi ta ambata ba. Matakala ta ambata. Wannan shi ne abin da Goggo ba ta ji ba, kuma a nan ɗaya ɓangaren ke da ƙarfinsa.

Mu yi lissafi irin na gida. Binciken nan na 2018 ya ce matsakaicin haihuwar mace a arewa maso yammacin Nijeriya 6.6 ne. A Nijar, binciken 2012 ya ba da 7.6. A ce kowace haihuwa ta bar wa mace kilo 3 kacal, abin da ba wanda zai lura da shi a ƙarƙashin hijabi. Haihuwa shida, kilo 18. Yarinyar da aka kai ɗakinta da kilo 55 ta haura 70 tun ba ta kai shekara 35 ba, kuma babu ranar da za ta nuna ta ce yau na yi ƙiba. Baturiyar da za ta haifi ɗaya ko biyu tana iya cewa ta rungumi ƙibar haihuwa, lissafinta gajere ne. Namu mai tsawo ne, musamman da yake wani cikin yakan shigo tun na baya bai gama sauka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a bar aƙalla wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani ciki, amma mun san yadda kwanika ta yawaita.

Nauyin da aka shiga sabon ciki da shi kuwa yana da farashi. A 2006 mujallar likitanci ta Lancet ta buga binciken da aka yi kan mata fiye da 150,000 a ƙasar Suwidin, aka duba nauyinsu a cikin fari da na biyu. Waɗanda suka ƙara abin da ya kai kilo 8 ko 9 a tsakani sun fi faɗawa hawan jinin masu ciki, da ciwon sugan masu ciki, da haihuwa ta hanyar tiyata, da haihuwar ɗa ba rai, kuma haɗarin ya ƙaru har ga waɗanda ba za a kira su masu ƙiba ba. Macen da ta yi ciwon suga lokacin ciki kuma, ko da ya tafi bayan haihuwa, haɗarin ya dawo mata na dindindin ya ninka na sauran mata wajen sau bakwai. Ba sai na je Suwidin ba ma. In na shiga sahun mata a sallar tarawihi ina ganin kujerun roba jere a baya, kuma ba tsofaffi kaɗai ke kansu ba. Akwai matan da ba su wuce shekara 45 ba, gwiwa ta hana su sujada. Binciken da ya ce kashi 12 na matanmu sun rame, shi ne dai ya ce kashi 28 nauyinsu ya wuce kima. Ciwo biyu muke fama da su a ƙasa ɗaya, wani lokaci a gida ɗaya.

Abin da ya faru shi ne mun riƙe abincin jego, mun saki aikin da ke ƙone shi. Goggo da ta fita arba'in, turmi ke jiran ta. Ta yi surfe, ta yi daka, ta yi niƙa a dutse, ta ja guga a rijiya, ta taka da ƙafa zuwa barka da gaisuwar mutuwa da goyo a baya. Kitsen jego kafin yaye ya narke ba tare da ta san sunansa ba. Ƙanwata fa? Niƙa a inji, ruwa a famfo, unguwa a Keke Napep, aiki a kan kujera gaban kwamfuta. Shi kansa abincin ya sauya. A kan kunu da tuwo an ƙara shayi mai kauri da madarar gwangwani da suga cokali uku, da burodi, da katan-katan na lemon kwalba da 'yan barka ke kawowa, wanda ake ɗura wa mai jego da sunan ƙarin jini ko kawo ruwan nono. Wannan ba gadon kakanni ba ne, kuma ba ya ƙara jini.

Tun da a Zariya muke, ba zan wuce maganar kanwa ba. A shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, sun yi nazari a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, wanda ya yawaita a yankin fiye da kusan ko'ina a duniya. Sun ɗora zargi kan gishirin da ke cikin kunun kanwa haɗe da zafin wanka da kwanciya a gadon wuta. Wani bincike da aka yi daga baya, wanda Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta a asibitocin Nijeriya bai tabbatar da cewa waɗannan al'adu su ne sanadi ba, ya ma nuna rama da hawan jinin ciki suna cikin abubuwan da ke tafiya da ciwon. Ka ga kowane ɓangare ya samu abin kamawa. Abin da ba a gardama a kansa shi ne kanwa gishiri ce, gishiri kuma yana riƙe ruwa a jiki yana ɗaga jini. Wani abin da ake yi wa murna a ce jego ya karɓi mace, kumburi ne. Idan ƙafa ta kumbura, in an danna yatsa ya lotsa, numfashi yana sarƙewa in ta kwanta, tari ya dame ta da dare, wannan asibiti yake nema a ranar. Haka nan akwai matan da maƙoƙonsu ke rikicewa a shekarar farko bayan haihuwa ya jawo kasala da ƙiba, wasu kuma allurar tazarar haihuwa ta wata uku ke ƙara musu nauyi. Duk wanda ya ce wa mace ta karɓi jikinta kawai, ba tare da an auna jininta ba, yana iya rufe ƙofa a kan ciwo.

Kada kuma a ɗauka masu son ƙiba ba su da tasu kasuwar. Ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe suna nan a shagunan magani da tiren 'yan talla, yawanci deksametason ne ko maganin buɗe ciki. Deksametason yana kumbura fuska da ciki, ya ɗaga jini da suga, ya raunana ƙashi. Wadda ta sha shi don kada dangin miji su ce ta rame, da wadda ta sha filasko don kada miji ya ce ta yi ƙiba, tsoro ɗaya ne ya kai su.

Ga inda na tsaya. Abu biyu muke haɗawa mu kira su da suna ɗaya. Akwai surar da haihuwa ke bari, akwai kuma nauyin da ke taruwa. A kan sura ina tare da Goggo ɗari bisa ɗari. Jikin da ya ɗauki mutum ya sauke shi ba zai koma na budurwa ba, kuma ba ya bin kowa bashin komawa. A kan nauyi ina tare da ƙanwata, amma da sharuɗɗa.

Kwanakin jego ba na rage abinci ba ne. A ci a ƙoshi, a rage suga da kanwa, a riƙa ɗan takawa a tsakar gida. Bayan arba'in, in nono ya zauna, likita kuma ya duba, musamman wadda aka yi wa aiki, sai a fara a hankali. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2000 ya bi mata masu shayarwa da ke da ƙiba, suka riƙa sauke kimanin rabin kilo a mako ta hanyar rage abinci kaɗan da motsa jiki, kuma girman jariransu bai ragu ba. Rabin kilo a mako, wannan shi ne gudun da aka gwada. Abin da ake nufa kuma ba sai ya zama rigar lefe ba. A wani babban gwaji da aka bayyana sakamakonsa a 2002, mutanen da ke bakin kamuwa da ciwon suga aka sa musu burin sauke kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da tafiyar minti 150 a mako, sai haɗarin ya ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mace mai kilo 80, abin bai kai kilo 6 ba. Wadda ba ta da sikeli ta ari tef ɗin tela, ta auna zagayen cikinta ta wajen cibiya bayan wasu watanni da haihuwa. Ana so ya kasa rabin tsayinta.

Sai dai duk wannan magana ce ta fatar baki in aka bar wa mace ita kaɗai. An taɓa bin wasu mata a Amurka aka ga waɗanda ke barcin awa 5 ko ƙasa da haka lokacin da jariri ke wata shida sun ninka masu samun isasshen barci kusan sau uku wajen riƙe kilo 5 ko fiye bayan shekara. Wane ne zai karɓi yaron ta runtsa? Mijin da ke ƙorafin tumbi, shi ne fa mai cefane. In ya kawo wake da ƙwai da kifi da zogale da alayyahu, su za a dafa. In ya kawo taliya da lemo, su za a ci. Shi ne kuma mai cewa a fita ko kada a fita. Ba daidai ba ne a hana mace taka ƙafa waje, a bar mata yara huɗu da raino dare da rana, sannan a tuhume ta da sakin jiki. Iyaye mata su ma da nasu, domin yarinya ba ta iya ture kwanon da uwarta ko surukarta ta miƙo mata.

Akwai wani wuri da har yau ban warware ba. Na san matan da suka yi duk abin da aka ce, suka sauke kaɗan, ya dawo. Jiki yana da gado, yana kuma da taurin kai. Su kam ina ganin maganar Goggo ta sake zagayowa kansu: tafiya da gyara abinci suna saukar da jini da suga ko da sikeli bai motsa ba, kuma macen da ke ƙaunar jikinta ta fi kula da shi a kan wadda ke jin kunyarsa. Amma yadda zan ce wa 'yata jikinki lafiya lau yake, in kuma ce mata kula da nauyinki, ba tare da magana ta biyu ta cinye ta farko ba, wannan ina kan koyo.

Washegarin ranar da na tarar da ƙanwata tana fama da atamfar nan na ɗauke ta muka koma asibiti saboda maganar matakalar nan. Zuciyarta ƙalau, amma jininta ya ɗan hau, kuma tana da ƙarancin jini duk da ƙibar. Da muka gaya wa Goggo sai ta yi shiru, can ta ce, "To a daina sa kanwar, amma kunu kam sai ta sha." Atamfar kuwa tela aka kai wa ya buɗe ta. Yanzu yaron yana wata goma. Kullum da la'asar takan goya shi ta taka zuwa Islamiyya ta dawo, mijinta ya daina shigo da lemon kwalba, kilo 6 sun tafi, 5 suna nan. Da ƙaramar salla Goggo ta riƙo haɓarta ta juya fuskar hagu da dama.

"Wa ya taɓa min ke, 'yar nan? Duk kin zube."

"Lafiya ce, Goggo. Yanzu har bene nake hawa da goyo."

Goggo ba ta ce komai ba. Da za su tafi dai sai ga ƙullin dambun nama ta tura mata a jaka.